Tiren Mutum Huɗu a Gidan Shukor

A ƙauyukan yankin Pasir Mas, can wata ƙasa ta gabas mai nisa, tun zamanin kakanni, mutum huɗu ake zaunarwa a kan tire guda idan an yi walimar aure. A irin wannan walima ce, shekara ashirin da shida da suka wuce, dagaci Che Soh ya ta da mutum uku daga tiren da Shukor ɗan Deraman ya zauna, ya ce kada wanda ya haɗa hannu da ɗan ƙwaya a shinkafa ɗaya. Shukor ya ci shi kaɗai jama'a na kallo, domin a lokacin yunwa ta fi ƙarfin kunyarsa. Da ya tashi aka wanke tiren da ƙasa, yadda ake wanke kwanon da kare ya lasa.

Ya bar garin, ya sha wahalar da mai barin ƙwaya ke sha, ya rabu da ita. Da ya dawo ya kafa rumfar katako mai gado shida a tsohuwar gonar itatuwan roba ta mahaifinsa, yana karɓar waɗanda danginsu suka gaji da su. A hankali rumfa ta zama gidaje uku, da likita mai zuwa sau biyu a mako, da tafkunan kifi inda masu jinya ke aiki. Dokar gidan ta farko ita ce, ranar da aka kawo mutum, ubansa zai zauna a tire ɗaya da shi da wasu biyu daga cikin masu jinya, su ci tare. Shukor kan gaya wa baƙi cewa wannan shi ne rabin maganin, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ƙanwarsa Rokiah kuwa, wadda ke riƙe da ofis, ta san inda dokar ta samo asali.

Wata Talata da hantsi Che Soh ya shigo ta ƙofar baya, yana dogara sanda, autansa Nizam na biye da shi. Nizam malamin makaranta ne mai 'ya'ya biyu, wata ƙwaya da ake kira ƙwayar doki ta raba shi da aikinsa, ta mayar da shi ƙashi da fata. Gado ɗaya ne ya rage a gidan.

Shukor ya tare su da dukan ladabi. Ya zauna ƙasa da tsohon, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya tambayi lafiyar gwiwoyinsa. Tsohon ya roƙi a rufa masa asiri, a karɓi ɗansa a ɗauke masa zaman tire, domin ya ji akwai 'yan ƙauyensa a ciki.

"Tok, ai ku kuka koya mana cewa ba a karya al'ada don mutum ɗaya," in ji Shukor, yana kiransa da laƙabin girmamawa da ake yi wa dattawa.

Da kansa ya zaɓi mutum biyun. Ɗaya ɗan wani mutum ne da ya taɓa yi wa dagacin aikin tatsar itacen roba. Ɗayan Mat Yie ne, wanda Che Soh ya taɓa miƙa wa 'yan sanda kan satar lasifikar masallaci.

Rokiah ta ja shi gefe, ta tuna masa cewa sau biyu ya taɓa ɗage dokar: ga wani uba mai shanyewar jiki daga Tanah Merah, da kuma wani da ke jinyar tarin fuka. Ya amsa cewa waɗancan rashin iko ya hana su, wannan kuwa hannunsa lafiya lau.

"Yaya, ɗan ne ba shi da lafiya. Shi me ya yi maka?"

Ya ce ta je ta sa a kawo abinci.

Aka ajiye tiren a tsakiyar zauren cin abinci, inda mutum arba'in ke zaune: shinkafar da aka rina shuɗi da ruwan fure, da gasasshen kifi, da ganye, da budu, wato miyar tsumammen kifi, a ɗan kwano. Che Soh ya tsaya a kansa ya kasa lanƙwasa ƙafa.

"Bismillah mana, Tok," in ji Mat Yie, yana washe dasashi. "Ba ma cizo. Haƙoran ma ƙwaya ta gama da su."

Zauren ya ɗauki dariya. Tsohon ya zauna da ƙyar, ya wanke hannu. Mat Yie ya tsoma yatsu ya cakuɗa shinkafar da budu, ya tura wani kaso gaban dagacin. Che Soh ya daɗe yana duban wurin da yatsun suka bi. Nizam ya sunkuyo kusa da kunnen ubansa.

"Baba, loma ɗaya ce. Don Allah. Idan na koma gida ba zan kai azumi ba."

Tsohon ya ɗaga hannu har ya taɓa gefen tiren. Sai ya dubi Shukor, wanda ke tsaye a bakin ƙofa hannu a baya, ya karanta abin da ke fuskarsa. Ya janye hannun, ya lalubi sandarsa, ya miƙe. Ya ce wa ɗansa su tafi.

Nizam bai tashi nan take ba. Shekarunsa talatin da biyar, babu abin da ya hana a karɓe shi da yardar kansa, kuma Shukor ya fi kowa sanin haka. Kalma guda daga bakin Shukor ta isa ta zaunar da shi. Nizam ya zuba masa ido yana jira. Shukor ya matsa gefe ya ba su hanya.

Da motarsu ta fita, Rokiah ta same shi a bakin tafki yana watsa wa kifi abinci. Ta ce har yanzu ba su kai babban titi ba, lambar wayar direbansu tana hannunta.

"Wa ke gaba a jerin masu jira?" ya tambaye ta.

Ta ce wani masunci ne daga Tumpat.

"Kira ubansa. Ki ce su zo gobe kafin azahar."