Kwalin Katunan Malam Isyaku

"Sauko mini da kwalin nan," in ji Malam Isyaku, numfashi na fita da ƙyar. Shigowata ke nan da kwanon kunu, na tarar da 'yarsa Hasana tana jawo kwali daga saman kabad. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a Gyadi-Gyadi, duk jinyarsa a idona aka yi ta.

A ɗakin kwamfuta na wani kamfani yake aiki, ita kuwa Hasana ta kafe sai ta koyi rubuta wa injin umarni. Kwalin cike yake da katuna masu huji-huji irin waɗanda injin ke karantawa, a jere tsaf.

"Inna Kulu, kwamfaila ke nan," ta ce mini. "Tafinta ne. Ni in rubuta, shi ya mayar yaren injin."

"Na kamfani na haya ne, ba sa barin ɗan koyo ya taɓa," in ji Malam. "Wannan kyauta wani malamin jami'a ya kwafa mini. Shi na zaɓa miki, don in kin yi kuskure zai nuna miki layin. Oganmu ya yarda ki riƙa shiga ɗakin kwamfutar ran Asabar, muddin kin zo da naki. Amma fa kati ɗaya ya bar gurbinsa, aiki ya lalace."

Ran Laraba da hantsi ya cika.

Sai ga ƙaninsa Lawan daga Darmanawa, mutumin da ko sannu bai leƙo ya yi ba, ya zama mai ba da umarni a gidan. Ran sadakar uku ruwa ya jiƙa itace, wuta ta ƙi kamawa. Hasana na ɗaki tana karɓar gaisuwa. Ina shigowa na ga kwalin a gindin murhu, mata na cusa katuna ƙarƙashin tukunya, yara na fifita da wasu, Lawan na tsaye a kansu yana cewa a ƙara.

"Lawan! Wa ya aike ka?"

"Haba Kulu, takardun da ƙwari suka gama hudawa?"

"Ƙwarin gidanku! Abin da ɗan'uwanka ya bar wa yarinyar nan ke nan!"

Ya ɗaga kafaɗa. "Na ji an ce kyauta aka ba shi. To me aka rasa?"

Wallahi ba don idon jama'a ba, da muciya zan kwaɗa masa. Na zage shi tas a gidan makoki, kuma har gobe ban yi nadama ba. Malamin jami'ar ma ba wanda ya san sunansa sai mamacin, balle a je ya sake kwafo wani.

Hasana ta fito. Ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya ta karɓe na hannunsu, ta zaro wasu daga bakin murhu, gefensu a ƙone. Ta zauna a ƙofar ɗakin babanta da su a cinya, tana ɗaga kowane kati ga hasken rana, tana neman wanda ke binsa.