Bangon Baba Gambo

Kalsum ta ja ƙofar oben ɗin sama da tsumma, hayaƙi ya bugi fuskarta. Kek ɗin ya yi baƙi ƙirin, ya dare a tsakiya, amma da ta soka masa tsinke sai ya fito da ɗanyen ƙulli. Kafin ta sauke shi oben ɗin ya soma kuka kamar motar danfo mai ja da baya, ya kashe kansa. Na ƙasa ma ya bi sahu.

Gobe ne sunan jaririn ƙanwarta Badiyya a Isolo. Tun cikin yana ƙarami Badiyya take shelanta wa dangin mijinta cewa kada kowa ya wahalar da kansa, yayarta ce za ta yi kek mai hawa uku, irin wanda ba su taɓa gani ba. Ga shi hantsi ya yi, ko hawa ɗaya babu, kuma fulawar da ta rage ta kwaɓi ɗaya ce.

"Madam, ɗan matsa in gaishe shi," in ji Ismaël, wanda ta kira ya duba oben ɗin.

Ismaël mai gyara ne, mutumin Damagaram, shagonsa na gefen titin jirgi. Ba ya taɓa na'ura sai ya yi mata sallama. Ya tsaya gaban oben ɗin, ƙofa biyu ɗaya bisa ɗaya, an cusa shi cikin bangon kicin har ya zama kamar da shi aka gina gidan. Yayanta ne ya sayo mata shi tokumbo, wato na hannu, kuma ya yi mata aiki lafiya har zuwa farkon damina.

"Me yake yi miki?"

"Zafi," ta ce, idonta a ƙasa. Kalsum ba mai son magana da baƙi ba ce. "Ko na sa shi ƙasa-ƙasa sai ya ƙona. Makunnin ma ba ya taɓuwa."

Ismaël ya bi robar ƙofa da yatsa, ya ce lafiyarta lau. Ya kwance wata siririyar waya daga ciki, wadda ya ce ita ke gaya wa oben yawan zafinsa, ya gwada ta da mita, ya mayar. Ya kunna, ya manna kunnensa a jiki, ya yi tsalle baya yana murza kunnen.

"Fanka tana juyawa, dakor, na yarda. To ina iskar take zuwa?" Ya shaƙi hanci. Ya sake shaƙa. "Madam, wa ke babbaka a gidan nan?"

Kalsum ta tuna wani abu. Kwanan baya wata mata da ta sayi kek ta bugo waya ta ce ya yi daɗi, sai dai maigidanta na tambaya ko da ganda aka haɗa shi.

Suka kashe wuta. Ismaël ya kwance kusoshi, ya rungumi oben ɗin kamar mai kokawa, ya jawo shi waje da nishi. A bayansa, can ƙasa, akwai ramin da magini ya fasa ya ɓulla waje don zafi ya riƙa fita. Ramin a toshe yake. Ismaël ya haska da waya, ya zura hannu, ya kamo wani abu mai gashi.

"Buzu ne. Fatar rago." Ya ja.

Fatar ta taho kaɗan, sai ta koma. Ya sake ja, aka sake janyewa daga waje. Ismaël ya kafa ƙafa a bango ya ja da ƙarfi, sai wata murya ta biyo ta ramin.

"Kai! Wane ne yake taɓa mana asibiti?"

Kalsum ta san muryar. Ta mahaifinta ce.

Ta yafa mayafi ta zagaya. Bayan kicin wani lungu ne da ba ta bi, saboda majalisar maza ce. Ta tarar da dogon benci an jingina shi da bangon, tsofaffi sun jeru a kai, kowa ya manna bayansa ya lumshe ido. Wasu na tsaye suna jiran layi. Wata tsohuwa Bayarba ta ɗage zane ta danna gwiwarta a gefe. Baba Gambo na durƙushe, ya riƙe jelar buzun da hannu biyu.

Baba Gambo tsohon mahauci ne. Da ya bar kwata ciwon baya ya kwantar da shi, ya yi watanni ko ƙofar gida ba ya leƙawa, ba ya son magana da kowa. Da damina ta kama sai ya miƙe, ya riƙa fita tun da safe, yana dawowa da dariya. Kalsum ta ɗauka maganin asibiti ne ya karɓe shi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "ɓarawo ne a kicin ɗinki."

"Mai gyara ne, Baba."

"Me ya lalace?"

Ismaël ya iso yana karkaɗe hannu. "Alhaji, kai ka toshe ramin nan?"

"Ni ne. Na zo wucewa na ji zafi mai kyau yana zuba a banza, kyankyasai kawai ke amfana. Na toshe, bango ya ɗauka. Ka tambayi Alhaji Lado."

Alhaji Lado, abokinsa tun suna yara, ya buɗe ido ɗaya. "Ni da sanda na zo nan. Yanzu ina sandar? Oya, ka faɗa mini, ina take?"

"Ga ta a bayanka," in ji wani daga layi.

"Ajiye ta na yi!"

Ismaël ya yi musu bayani. Oben yana numfashi kamar mutum. In aka toshe masa hanci zafin ya koma ciki, ya ƙona abinci, ya narkar da waya. Fatar ma ta soma cin wuta. Wata rana gidan ne zai kama.

"To a raba," in ji Alhaji Lado. "Ba biyu ba ne? Na sama nata, na ƙasa namu."

"Hancinsu ɗaya, Alhaji."

"A fasa wa nata wani."

"Abegi, ku bari in gama da wannan gwiwar tukun," in ji tsohuwar.

Baba Gambo bai saki jelar ba. "Wai duk a kan kek ne? Kek ai burodi ne da ya yi girman kai. Muna Agege za a rasa burodi? A sayo manya uku a ɗora ɗaya kan ɗaya."

Aka kwashe da dariya. Kalsum ta ji duk idanun lungun a kanta. Ta ga kwanon silba a ƙarshen benci, cike da ɓaraguzan baƙin kek, irin wanda Baba yake karɓa a hannunta kullum ya ce zai kai wa kajin maƙwabta. Alhaji Lado ya ɗauki ɗaya ya tsoma a shayi.

Ta so ta juya ta koma. Sai ta tuno Badiyya da dangin Isolo, da teburin da aka ce an riga an tanada.

"Baba," ta ce. Muryar ta fito ƙarama, sai da ta sake. "Baba, sunanka za a raɗa wa yaron. Kek ɗin naka ne."

Baba Gambo ya dubi bangon, ya dubi 'yarsa. Ya shafa bayansa a hankali. Sannan ya ja buzun da kansa, ya fito da shi gaba ɗaya, rabinsa ya soye yana hayaƙi. Wani zafi mai warin babbaka ya biyo baya, tsofaffin suka bi shi da kallo har ya watse.

"Allah ya jiƙan rago," in ji Alhaji Lado.

Ismaël ya share ramin, ya sa masa raga, ya mayar da oben, ya yi masa ban kwana. Kalsum ta kwaɓa sauran fulawar da bismillah. Makunnin bai yi zafi ba. Babu kuka, babu hayaƙi. Bayan la'asar hawa uku suna kan tebur suna hucewa, ja-ja-jur, sun tashi daidai, babu mai ƙamshin ganda.

Ta daɗe tana kallonsu. Daga nan ta yafa mayafi ta sake zagayawa, tana tsammanin ta tarar da benci shi kaɗai.

Suna nan. Kowa ya manna bayansa, ido a lumshe, har da masu jiran layi. Ta saci hannu ta taɓa bangon. Sanyi ƙalau.

"Kai, na yau har ƙashi yake shiga," in ji Alhaji Lado.

"Ya fi na jiya," wani ya amsa.

Babu wanda ya dubi wani. Baba Gambo ya buɗe ido ya ga hannunta a jikin bangon. Ya tura kwanon silban da ƙafa, ya yi ƙara don babu komai ciki.

"Uwata, yau kajin ba su da rabo ne?"

Kalsum ta ɗauki kwanon ta koma kicin. Ta kankare sauran ƙullin da ya manne a roba, ta zuba a ƙaramin gwangwani, ta sa a oben ɗin ƙasa. Ta murɗa makunnin har ƙarshe, ta jawo kujera ta zauna tana jiran ƙauri.