Notin da ya ragu a faranti

Gyaran keken ɗinki nake yi tun kaina yana baƙi. Yanzu ido ya ƙi. Kafar allura ma sai da lalube. Na yanke cewa in ban sami mai karɓar benci ba bana, zan rufe shago.

Sai ga jikata, 'yar babban ɗana, da sukundireba a jaka. Ɗinki aka tura ta koya a cibiyar koyon sana'a. Kekunan wurin kullum a lalace, ita kuma kullum hannunta a cikinsu, har malamarsu ta mayar da ita ajin gyara.

"Angona, na zo karɓar benci," in ji ta.

"Aikin maza ne."

"To ina mazan?"

Samari sun zo, sun tafi.

Gwajina ɗaya ne. Nakan kwance keke kaf, in zube kayan a faranti, in jefa noti guda na wani keken daban a ciki. Ba na gaya wa kowa. Wani ya cusa shi da ƙarfi har ya ɓata rami. Wani ya sa a aljihu, ya ce ya gama. Duk na sallame su. Ba na bar wa mai ɓoye-ɓoye keken mutane.

Na zube mata. Ta naɗe hannun riga, ta haɗa, ta ɗiga mai, ta taka. Ƙarar keken ta yi mini daidai a kunne. Amma ba ta tashi ba. Ta sake buɗe shi, ta duba, ta rufe. Sannan ta kamo hannuna ta sa mini notin.

"Kaka, na kasa. Wannan ya ragu, ban san wurinsa ba."

"Ba shi da wuri. Ni na jefa shi."

"Kai, tsohon nan! Wallahi na fasa auren!"

"Dama kin yi mini tsufa."

Na tashi daga benci na ce ta zauna.

Washegari wani tela ya shigo da kan keke a kafaɗa. Ya tsaya turus.

"Baba, yarinya ce za ta taɓa mini?"

"Ita ce mai shagon. In ba ka so, ga hanya."

Ya ajiye kan keken.

Ni yanzu a bakin ƙofa nake zama. In ta taka keke nakan kasa kunne. Yawanci ba na jin abin gyara.