Ranar da Gwiwata Ta Yi Murabus

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu da na tuna sai in kama dariya ni kaɗai.

Na gan ni a zauren da muke atisaye, ni da 'yan rawata takwas, saura kwana uku mu nuna sabuwar rawar da na shekara biyu ina tsarawa. Sai gwiwata ta hagu ta sauka daga jikina, ta je ta zauna a benci, ta nemi a ba ta ruwan sanyi.

"Tsahara," ta ce, "shekara ashirin da huɗu ina ɗauke da ke daga wannan dandali zuwa wancan. Na yi murabus."

Ban yi mamaki ba, don ko a farke likita ya faɗa mini haka, sai dai ita ta fi shi iya magana.

Aka ce in kai ƙara ofishin rawa. Ofishin a kan bishiyar kuka yake, a cikin ƙwarya ake jawo mutum sama. Shugabar wurin jimina ce mai gilashi. Ta karanta takardata ta haɗiye, a wurinsu haka ake sa hannu.

"Rawarki ta gargajiya ce ko ta zamani?"

"Ranki ya daɗe, rawar aiki ce. Nakan kalli mace tana daka, marini yana tsoma zane, direba yana murza sitiyari, sai in haɗa su."

"Ashe aikin ido ne. Idon ma ya yi murabus?"

"A'a."

"Na gaba ya shigo."

Sai ga ni a kasuwa da rana tsaka. Inuwoyi ne ke tafiya a gaba, masu su na biye da sauri kada a bar su. An share fili, jama'a sun kewaye 'yan rawata, ni kuwa ina dogare da tulu a kan ƙafa ɗaya.

Barau, dogon cikinsu, ya raɗa mini, "Malama, ba ki koya mana ƙarshen ba fa."

Ni ma ban san ƙarshen ba.

Can na hango Inna, mahaifiyata. Har ta bar duniya ba ta taɓa zuwa kallona ba, cewa take rawa ba sana'a ba ce. Tana zaune da faifai tana bakace dawa, duk ƙwayar da ta tashi sai ta tsaya a iska ta ƙi saukowa.

Na ce, "Ku dubi hannun Inna, ku yi abin da take yi."

Suka fara. Mahauta suka ajiye wuƙa suka bi, masu tumatir suka bi, tumatirin ma ya tashi sama yana juyi. Jimina ta wuce a kan keke tana gyaɗa kai.

Inna ta ɗago ta kalle su, ta kalle ni.

"Yaran naki sun iya, amma wuyan hannunsu da tauri. Ke ma haka kike tun kina ƙarama. Matso in nuna miki."

Na matsa. Ta kama hannuna da tafinta mai kaushi, ta karya shi ƙasa, ta ɗaga shi sama a hankali. Muka yi ta yi muna dariya, dawa na zubo mana a ka.

"Tun da can da kin ce mini wannan ce rawar," in ji ta, "ai da na zo."

Zan ba ta amsa ke nan injin markaɗen maƙwabciyarmu ya tashi. Na buɗe ido, gari ya waye, hannuna na sama yana ta bakace.