Tsakanin Ab da Ad

Da wanne za a kama mutum, abin da harshensa ya furta ko abin da zuciyarsa ta nufa? Har yau ba a raba wannan gardama ba.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Malam Sebastian, tsohon malamin Turanci mutumin Wusasa, ya fara ɗaure kaya zai bar Nassarawa GRA, don 'yan uwa sun matsa masa ya koma Zariya. Amininsa kuma maƙwabcinsa Alhaji Lawan, tsohon babban sakatare mai ji da Turancinsa, ya tare shi a bakin get don ya roƙe shi kada ya tafi, a gaban jama'a, ya ce, "Sebastian, I abjure you!"

Malam ya dube shi, ya shige gida.

Hafsatu, 'yar Alhaji mai koyarwa a jami'a, ita ta warware masa. "Baba, jure ɗin rantsuwa ce. In ka sa mata ad a gaba, ka roƙi mutum da girman Allah. In ka sa ab, ka rantse ka yafe shi har abada. Ka je ka gyara."

"Ni da na rubuta wa gwamnoni jawabi? Ya san nufina. Ba inda za ni."

Ranar Asabar motar kaya ta iso. Alhaji yana leƙe ta taga har aka ɗora kujerar da yake zama a kai kullum in sun yi hirar la'asar. Ya zura takalmi ya fito.

"Malam, ya ake faɗin kalmar nan?"

"Au, Sakatare ma ana koya masa?"

"Kai dai faɗa."

"Gaɓa biyu ce. Ad. Harshe a bayan haƙora, leɓe bai da aiki. Sai juwa, a nan ake danna murya."

"Juwa? Ai ita ka sa mini tun shekaranjiya. Ni jure na gani a rubuce, na kuwa jure."

Malam ya danne dariya. "Na san nufinka tun ranar. Amma a gaban mutane ka yafe ni."

Ya ɗaga wa direba hannu don ya kashe mota, ya ce a sauko da kujerar tukuna.

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya juya yadda maƙwabta da masu lodi za su ji shi sosai.

"Ad," ya ce, ƙirji a gaba. "Juwa."