Zoben Mijin Yaya

"Ka sauke shi yanzu, a gabana," in ji Yaya.

Na ce mata saukewar ba ta da amfani, mutum dubu arba'in sun kalla, wasu har sun kwafe. Ta ce dama tun da na gama sakandare ban iya komai ba sai tonon matattu da waya.

Bidiyon a kan Garwashi ne, mawaƙin hip-hop ɗin da aka tsinci gawarsa a bayan situdiyo shekara goma sha biyu da suka wuce. Mijin Yaya ne mai haɗa masa kiɗa a lokacin. Yanzu gyaran fanka yake yi. Wata uku ina lallaɓa shi kafin ya yarda ya faɗi motar da ya gani ran da abin ya faru, bisa sharaɗin kada a gane shi.

Na rufe fuskarsa, na sauya muryarsa, na rataya zanin gado a bangon shagon. Hannunsa kawai na bari. In yana tunani yakan ƙwanƙwasa tebur da zobensa: uku a jere, shiru, sai biyu. Da nake tace hoton na ji, ya yi mini daɗi, har na ƙara masa sauti.

Shekaranjiya wani mara hoto ya rubuta a ƙasan bidiyon: "Kiɗan nan na waƙar da ba ta fita ba ne. Mu huɗu muka ji shi. A gaida mai zobe."

Tun daga nan mijin Yaya bai buɗe shago ba. Yana zaune a falo, ni da Yaya muna ta cacar baki, wata fanka a cinyarsa, yana kwance ƙusa ɗaya yana mayarwa. Ya ce ta ƙyale ni, ai shi ya buga. Yaya ta ce sannunsa, ya ci gaba da kare babban ɗan jarida. Ba wanda ya yi dariya.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Uku a jere, shiru, sai biyu.

Na dubi hannunsa. Zoben na nan a yatsarsa, hannun a kan gwiwa, bai motsa ba. Yaya ta matsa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Baban yara, cikin ku huɗun nan, wa da wa suka rage?"