Abin da A'i Ta Ciro

Ilyasu bai gaya wa yayarsa A'i cewa da gangan likita ya bar wani abu a idonsa ba. Nan aikin ya lalace.

Direban kamiyo ne, babbar motar dakon albasa, a Madawa. Idonsa na dama ya mutu tun yarinta, na hagu ke ciyar da gida. Shi ma sai wani fari ya gitta masa, har kwalta ta koma hayaƙi.

Likitan ido a birnin Tawa ya duba ya ce, "Ba hakiya ba ce. Gishirin ƙashi ne ya taru, irin farin da ke kama cikin butar shayi. Ana narkar da shi."

Ya ɗiga maganin kashe zafi, ya kankare fatar saman idon, ya yi ta dangwala auduga mai magani har farin ya narke. Ya rufe wurin da wani tantani siriri kamar ɓawon albasa.

"Kada kowa ya taɓa sai fata ta tsiro."

Ilyasu ya ce to. Hankalinsa na kan lodi.

A gida, garinsu Azarori, idon ya dame shi da ruwa da ƙaiƙayi. A'i kuwa duk garin an san ta. Mace in ƙaiƙayin gero ya faɗa mata ido wurin shiƙa, A'i ke lashe shi da harshe.

"Auta, taho in gani. Mi ka ka murza?"

"Bari, Yaya. An hana."

"Wa ya hana? Ni da na goya ka? Buɗe, ƙaton banza."

Ya gaji da gardama, ya buɗe. Ta kurkure baki, ta riƙe kansa, ta sa harshe. Ta tofa tantanin a tafin hannu.

"Ka gani? Ga saura nan likitanka ya bari!"

Idon ya kumbura, ya yi ruwa. Ilyasu ya daure, ya ce zafin warkewa ne, sai da ya kasa ganin ƙofa ya koma Tawa. Likita ya daɗe yana haska idon.

"Wannan tabo ne, Malam Ilyasu. Ba ya narkewa."

Har yau A'i na ba matan gari labarin abin da ta ciro wa ƙanenta. Ilyasu na zaune a gefe yana ji, bai taɓa gyara mata ba. Makullin kamiyon kuwa aikawa ya yi a mayar wa mai mota, don shi ba ya iya tsallake titi.